Yadda karamar hukuma zata kafa lig din kwallo na gaske, ba kofin sati biyu ba

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu na karkarar Kano ko Jigawa ya san yadda harkar kofi take tafiya. Zabe ya matso sai kaji sanarwa an saka kofi, a buga fasta, a raba jesi mai hoton wanda ya saka kofin a kirji, ayi sati biyu ko uku ana buga falan daya, wanda aka ci ya tafi gida kenan ko da wasa daya ya buga, ranar fainal a kafa rumfa a kawo manyan baki a mika kofi da dan abu a ambulan, daga nan sai kuma wani zaben. Yaran da suka nuna bajinta su koma acaba da leburanci, wasu su tafi kudu cirani, filin ya cika da tsidau. Ni bana raina wanda ya saka kofi, Allah ya saka masa, amma wannan ba shi zai fitar mana da dan wasa ba, kuma ba shi zai rike matasa ba. Abinda zai yi wannan shine lig, wato gasar da kowace kungiya zata hadu da kowace gida da waje, ana tara maki har wata hudu ko biyar, kuma dan wasa ya san duk ranar da ya buga akwai abinda zai saka a aljihu.

To ga yadda nake ganin za a bi a kafa shi a matakin karamar hukuma, ita ta saka kudi ita ta karbi bakunci, amma ba ita ce mai shi ba. Wannan maganar ta karshe ita ce kashin bayan komai, don haka da ita zan fara.

Waye mai lig din?

Idan lig din na ciyaman ne to ranar da ya sauka lig din ya sauka tare dashi, wanda ya gaje shi ba zai taba son ya ci gaba da abinda sunan wani yake kai ba, musamman in ba jam'iyyarsu daya ba. Ko a sama ma haka matsalar take, yawancin kungiyoyin NPFL, wato babban lig din Najeriya, na gwamnatocin jihohi ne, Kano Pillars ta gwamnatin Kano ce, Jigawa Golden Stars da ta taba bugawa a can ta gwamnatin Jigawa ce, kuma duk mai bin kwallon gida ya sha jin labarin kungiyoyin gwamnati da 'yan wasa ke bin bashin albashi saboda kudin sai an jira sa hannun wani. Amma duba Remo Stars, kungiya ce ta dan kasuwa Kunle Soname, a Ikenne take wani gari a jihar Ogun da bai kai girman Hadejia a suna ba, kuma ita ta dauki kofin NPFL a 2025. Ba wai kudin gwamnati haramun bane, a'a, tsarin rike kudin ne yake bambanta su.

Don haka abu na farko a kafa kwamitin amintattu, mutum bakwai ya isa, in yayi yawa tara. A samu wakilin hakimi, wakilin karamar hukuma wanda ma'aikaci ne ba dan siyasa ba (jami'in wasanni ya fi dacewa), dan kasuwa daya da gari ke ganin mutuncinsa, tsohon dan kwallo ko tsohon koci, malamin makaranta wanda ya iya rubutu da lissafi, sai wakilai biyu da kungiyoyin suka zaba da kansu. Ayi wa wannan kwamitin rijista a CAC, hukumar rijistar kamfanoni da kungiyoyi, da sunan garin ba sunan mutum ba, a bude akawun a banki da wannan sunan, sa hannun mutum uku, kudi baya fita sai biyu sun sa. Dan Allah kar a ce a zuba a akawun din sakatare kafin a gama takardu, daga nan ake fara rigima kuma ba a gamawa.

Sunan gasar ma a kula dashi. A saka sunan gari ko na masarauta, in wani ya zuba kudi mai kauri a wannan shekarar a makala sunansa na kakar wasa daya kawai, badi in wani ne ya zuba sai a canza, asalin sunan yana nan.

Yadda za a tunkari karamar hukuma

Kar ku je wajen ciyaman hannu rabbana kuna cewa ranka ya dade a taimaki matasa. Wannan kowa yana fada masa kullum, zai baku na mota ku tafi. Ku je da takarda, shafi biyu ko uku, an rubuta kungiya nawa, wasa nawa, kudin wasa daya nawa, jimla nawa, me kuke so karamar hukuma ta dauka, me kuka riga kuka samo daga waje. Kuma ku fara biyawa ta wajen hakimi ya sa albarka, in da hali shi ko wakilinsa ya raka ku, maganar da aka shigo da ita ta fada daban take da wadda samari suka kawo su kadai. Sannan kansiloli, kar a raina su, su ne ke amincewa da kasafin kudi, kuma tunda daga mazabu kungiyoyin zasu fito, kansila yana da abinda zai nuna wa mutanensa. Lokaci ma yana da muhimmanci, ana hada kasafin shekara mai zuwa ne a karshen shekara, in kuka zo bayan an rufe sai dai ace ku jira.

A watan Yulin 2024 kotun koli ta yanke hukunci cewa a rika tura wa kananan hukumomi 774 kudinsu kai tsaye daga asusun tarayya, aiwatarwa dai tana tafiyar hawainiya, amma ko ba komai yanzu akwai hujjar da za a tsaya a kai a ce wasanni su samu layinsu a kasafi. Abinda kuke nema kenan, layi a kasafi da takardar yarjejeniya mai sa hannu, ba alkawarin baki a wajen taro ba.

Ni shawarata karamar hukuma ta dauki abu uku: gyaran fili, alawus din alkalan wasa da jami'an tsaro da na lafiya, da kuma wani kaso na alawus din 'yan wasa. Sauran a nemo a gari. Kuma ga dokar da bana so a taba, kar a busa usur din wasan farko sai kudin zagayen farko gaba daya sun shiga akawun, an gansu da ido. Lig kamar adashi yake, sati daya aka tsallake ba a biya ba kowa ya fara janye jiki, sati na biyu kungiyar da ke kasan tebur ta ki zuwa, na uku an watse. Gara a daga farawa da wata guda akan a fara a tsaya a tsakiya, domin in ya mutu sau daya shekara mai zuwa ba wanda zai sake yarda ya saka ko sisi.

Lissafi

Yawancin kananan hukumominmu mazabu 10 ne zuwa sama kadan, Jigawa nada kananan hukumomi 27 da mazabu 287, Kano nada 44 da mazabu 484. To ace an dauki kungiya 10, kowace zata buga wasa 18, tara a gida tara a waje, wasa 5 duk sati, sati 18, jimla wasa 90. In kungiya 8 ce wasa 56 ne a sati 14. Shekarar farko ni 8 nake so, ko 10 in an ga karfi, kar a wuce haka. Ingila ma da ta fara lig a duniya a 1888 da kungiya 12 ta fara. Za a samu matsin lamba, kowane kauye zai ce sai an saka shi, dagaci zai aiko, kansila zai kira waya, a basu hakuri a ce badi za a bude rukuni na biyu wanda yayi na daya ya hau, na karshe a sama ya sauko.

Yadda ake fitar da kasafi shine ka lissafa kudin wasa daya sannan ka ninka. Misali kawai nake bayarwa ba farashi nake yankewa ba, ace kowane dan wasa naira 2,000 ranar wasa, mutum 18 a kowace kungiya har da 'yan benci, mutum 36 kenan, 72,000 a wasa daya, sau 90 ya zama 6,480,000. Kaga tun ba a zo kan alkalai uku da kudin motarsu ba, da motar da zata dauko kungiyar da zata yi bakunta, da ruwan leda, da kwallaye, da magani, da 'yan sintiri. Mutane da yawa basa yin wannan lissafin shi yasa suke tara kudin kyauta mai yawa na ranar karshe su manta da na sati sati. Gaskiya in kudi bai kai ba a rage kyautar zakara, a bar alawus din mako. Kuma a ware kamar kashi 10 cikin dari a ajiye gefe saboda karaya da abinda ba a zata ba, man fetur kadai yana iya tashi a tsakiyar kaka ya rusa lissafin mota.

Inda sauran kudin zasu fito kuwa, kowane gari ya san masu shi. Dilolin ridi da zobo a yankin Gumel da Maigatari, masu injin shinkafa a Kura da Hadejia, masu gidan mai, 'yan kungiyar direbobi da zasu iya bada bas a farashi mai sauki maimakon kudi, masu POS, masu gidan kallon bal, da 'yan asalin gari dake aiki a Abuja ko Legas wadanda basa zuwa sai sallah. Kowace kungiya a nemo mata mai daukar nauyi daya a rubuta sunan shagonsa a jesi. Wanda bai da tsabar kudi ya bada buhu, bayan girbi buhun gero ko ridi kudi ne. Amma kamfanin caca kam a barshi ko nawa zai bayar, ranar da sunan bet ya hau jesi malamai da iyaye zasu juya wa abin baya kuma suna da gaskiya.

Kudin shiga fili shima a karba ko kadan ne, amma sai an kewaye filin, ko da zana ce ko langa-langa. A buga tikiti mai lamba, mutum biyu a kofa daya na kwamiti daya na kungiyar gida, a kirga a gaban juna kafin magariba a rubuta. Yara 'yan firamare a barsu su shiga kyauta.

Fili

A mafi yawan garuruwa filin makaranta ne, don haka a nemi izini a rubuce daga sakataren ilimi da hedimasta, a kuma yi alkawarin ba za a buga lokacin karatu ba. Doka ta yarda tsawon fili ya kama daga mita 90 zuwa 120, fadi 45 zuwa 90, amma in ana so yaro ya saba da irin filin da zai tarar a filin wasa na Sani Abacha dake Kofar Mata a Kano to a nemi wajen 100 zuwa 105 a tsawo, 64 zuwa 68 a fadi. Raga mita 7.32 a fadi, 2.44 a tsayi, kar a bar mai walda yayi da ka, a bashi awo a tsaya a kansa. Wajen fenariti mita 11 daga layin raga, babban akwati 16.5, da'irar tsakiya 9.15. Layi da toka ko farar kasa ya wadatar. A cike ramuka, a tsince duwatsu da kwalabe da kaya, a daure igiya mita biyu ko uku daga layi saboda 'yan kallo, wannan igiyar kadai tana rage rabin rigima tunda mutum baya tsaye a kan wuyan mai daga tuta.

Ba dole sai kowace mazaba tana da fili mai kyau ba. Za a iya gyara uku ko hudu, kungiyoyin da ke kusa su raba, babban filin hedikwata a ajiye shi don manyan wasanni. Kar a raina maganar fili, Jigawa Golden Stars da kanta ta taba buga wasanninta na gida a wajen jihar lokacin tana babban lig saboda filin gida bai cika ka'ida ba, magoya baya suka rasa kallon kungiyarsu.

Lokaci

Damina ba lokacin lig bane a karkara, yaran nan su ne a gona, uba ba zai saki dansa ranar noma ko ranar girbi ya tafi bal ba kuma bai kamata ma a nema ba. A fara bayan an kai amfani gida, wajen Nuwamba, lokacin akwai dan kudi a hannun mutane, a gama kafin zafin bazara yayi tsanani a Afrilu. A duba kalanda saboda azumi, yanzu a cikin rani yake fadowa kuma duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, a tsara hutun rabin kaka ya fada a kansa. Wasa ya fara karfe 4 daidai bayan la'asar, a hunturu rana tana faduwa wajen 6, in aka yi jinkirin minti 20 za a ci karo da magariba, kuma lig din da yake sa matasa rasa sallah ba zai samu goyon bayan gari ba. Sannan ranar kasuwa, wanda yake yankin Maigatari ya san Alhamis ba ranar wasa bace, Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi, rabin 'yan wasan suna can suna neman na kansu. A fitar da jadawalin kaka gaba daya tun kafin a fara, a manna a sakatariya da kofar fada da tasha.

Rijistar 'yan wasa da maganar sojan haya

Nan ne zan dan dade saboda nan ake cin amanar yaran kauye. Da zarar an ji akwai kudi, mai kungiya zai shiga birni ya dauko yara biyar daga Fagge ko Brigade ko Gwammaja ranar wasa, su buga su karbi kudinsu su hau mota, dan garin da ake cewa don shi aka kafa abin yana benci yana kallo. To a rubuta a doka tun farko, kowace kungiya mutum 25, bako kar ya wuce uku, kuma bakon ma sai yayi rijista tun farkon kaka ya zauna da kungiya daya har karshe. Kowane dan wasa ya cike fom da hoto da lambar NIN, mai unguwarsa ya sa hannu cewa dan nan ne, a yi masa kati mai hoto, kafin wasa kaftin din kowane bangare ya duba katunan abokan karawa a gaban alkali. Wanda aka kama ya saka wanda ba shi da rijista an kwashe maki uku an ba daya bangaren, babu zuwa fada bada hakuri.

Shekaru kuma a fadi gaskiya. Na san al'adar rage shekaru ta zama ruwan dare a kwallon kasar nan, amma mu a nan ba gasar 'yan kasa da 17 muke ba, babu dalilin karya. Abinda zan so shine a wajabta wa kowace kungiya ta fara wasa da akalla yara uku 'yan kasa da 20, domin su ne wadanda wata babbar kungiya zata iya dauka.

Sai kwantiragi. A dokar FIFA kwararren dan wasa shine wanda yake da yarjejeniya a rubuce da kungiya kuma ana biyansa fiye da abinda yake kashewa a harkar kwallon, wanda bai cika wannan ba dan sha'awa ne. Mu ba zamu kai can a shekarar farko ba, kuma ba karamar hukuma ce ke da ikon kiran gasarta ta kwararru a hukumance ba, wannan hurumin NFF ne, wato hukumar kwallon kafa ta kasa. Amma takarda shafi daya da Hausa, an rubuta nawa za a bashi duk wasa, yaushe, wa zai dauki magani in ya ji rauni, yaushe yarjejeniyar zata kare, wannan ba abinda zai hana. In yaron bai kai 18 ba mahaifinsa ko waliyyinsa ya sa hannu. Kudin kuma a tura masa ta akawun dinsa ko a mika masa hannu da hannu a gaban jama'a ranar wasan, kar ya bi ta hannun koci ko wani oga.

Kar a yi shi a boye daga hukumar kwallo ta jiha

Wasu suna ganin zuwa Dutse ko Kano neman amincewa bata lokaci ne. Ba haka bane. Ku rubuta wa hukumar kwallon kafa ta jiha, ku nemi ta amince da gasar ta kuma yi wa kungiyoyin rijista. Amfanin farko alkalan wasa masu horo daga kungiyar alkalai ta jiha. Na biyu hanya, domin tsanin a bayyane yake, daga matakin jiha ana hawa NLO wato rukuni na uku na kasa, daga nan NNL rukuni na biyu, daga nan NPFL mai kungiya 20, kuma kofin kalubale na kasa ma daga jihohi ake fara shi, karamar kungiya tana iya haduwa da Pillars a can. Sai a ce zakaran lig, ko kuma zababbun 'yan wasa daga duk kungiyoyin, su zama kungiyar gari da karamar hukuma zata dauki nauyin shigarta gasar jiha.

Na uku kuma wanda mutane da yawa basu sani ba, idan aka sayar da dan wasa daga kungiyar wata kasa zuwa ta wata kasar, FIFA ta ware kashi 5 cikin dari na kudin a raba wa kungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma sai in akwai shaidar rijista cewa ya buga muku, kungiyar da ba ta cikin littafin hukuma ba ta da abinda zata nema. Ahmed Musa kwallo 18 ya ci wa Pillars a kakar 2009/2010 daga nan ya wuce VVV-Venlo a Holan, ba wanda ya isa ya ce a cikin yaran Ringim ko Kazaure ko Rano babu mai irin wannan kafar, abinda babu shine wanda zai gansu da takardar da zata nuna daga ina suka fito. A kuma gargadi iyaye, duk wanda yazo yace a bashi kudi zai kai yaro Turai gwaji a kai maganar gaban kwamiti tukunna, dokar FIFA ma ta hana daukar yaro dan kasa da 18 zuwa wata kasa sai a wasu 'yan yanayi kadan.

Alkalai da rigima

Abinda ya fi kashe gasa a kauye bayan rashin kudi shine duka. An ci mu a gida ba zai yiwu ba, a tare alkali, a fasa gilashin motar baki, garuruwa biyu da suke auratayya su koma gaba akan fenariti. Wallahi wannan abin yana min ciwo, kuma maganinsa ba wa'azi kadai bane, doka ce da za a zartar ko akan waye. Alkali kar ya fito daga mazabar ko daya cikin masu wasan, kwamiti ne zai biya shi ba kungiyar gida ba, kuma a biya shi kafin wasa don kar ya tsaya jiran kowa bayan an tashi. Kungiyar gida ita ke da alhakin lafiyar baki da alkalai har su bar gari. Magoya bayanku suka shiga fili ko suka taba alkali, an cire maki uku kuma wasanku na gida na gaba a wani gari za ku buga. Aka sake, an kore ku daga kakar. Pillars da ta dauki lig sau hudu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na karshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ita ma an zaftare mata maki a 2022 saboda rikici a wajen wasa kuma a shekarar ta fadi zuwa NNL, to in an yi wa Pillars Sai Masu Gida haka, wace kungiyar mazaba ce zata ce ta fi karfin doka.

Kowace kungiya ta ajiye kudin jingina a farkon kaka, in ta ki zuwa wasa ko aka ci ta tara daga ciki za a cira, in ta gama lafiya a mayar mata. A sanar da DPO a rubuce a bashi jadawali, a hada da 'yan sintirin gari tunda su suka san yaran da suna. A hana shiga da makami ko kayan maye, ko gora ce a ajiye a kofa. Maganar binne laya a raga ko yayyafa wani ruwa a layi, wadda ta sha tada fada kafin ma a fara wasa, a saka a doka cewa alkali da kaftin biyu zasu zagaya raga tare kafin a take, bayan nan ba mai zuwa kusa da ita sai gola. Korafi kuma a rubuce cikin kwana biyu, kwamitin ladabtarwa na mutum uku da basu da kungiya su yanke kafin wasan sati mai zuwa.

Lafiya kar a yi wasa da ita. Ma'aikacin lafiya daya daga asibitin karamar hukuma a kowane wasa da akwatin taimakon gaggawa, da mota ko a daidaita sahu a tsaye a bakin fili wadda an riga an biya. Yaron da ya fadi ya buga kai ya rude kar a mayar dashi fili ko da yace ya warke.

Sanar da jama'a ba wuya yanzu. Yaro daya mai waya mai kyau a kowane fili ya dauki bidiyo, a bude shafi a Facebook da zaure a WhatsApp, duk daren wasa a saka sakamako da tebur da masu yawan kwallaye, a tura wa masu shirin wasanni na rediyo a Kano da Dutse, suna son irin wannan labarin. Wadannan bidiyoyin su ne zaka tura wa kocin babbar kungiya in kana so yazo ya ga yaro.

In an gama kaka, kafin sati biyu su wuce, ma'aji ya karanta abinda ya shigo da abinda ya fita a gaban hakimi da ciyaman da wakilan kungiyoyi da masu daukar nauyi, a manna kwafi a sakatariya kowa ya gani, har da takardar banki. A wannan zaman ne za a tsaida ranar fara kaka ta gaba, a rubuta wa karamar hukuma bukatar badi tun kafin a fara hada kasafi, a kuma canza wakilan kungiyoyi biyu dake cikin kwamiti in kungiyoyin sun ga dama.